Daren Halowin a Chesapeake: Abin da Na Gani na Dokar Yawon Yara

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024 na tashi daga Kano zuwa jihar Virginia ta ƙasar Amurka, domin amsa gayyatar ƙanena da ya daɗe yana aikin jinya a can, wanda 'ya'yansa ban taɓa ganinsu ba sai ta waya. Batun biza na riga na gama shi tun da damina a Abuja, inda na biya dala 185 kuɗin nema, kuɗin da ba a mayar wa mutum ko da an hana shi. Na hau mota a tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Dangora zuwa Zariya, muna tsayawa a shingayen 'yan sanda da na sojoji, wasu su leƙa cikin motar su ɗaga mana hannu, wasu su sa direba ya buɗe but. Daga Kaduna na shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa tashar Idu, na kwana a gidan wani abokin karatuna, washegari jirginmu ya ɗaga zuwa Addis Ababa, daga nan kuma, bayan an ya da zango a Turai an sha mai, muka sauka a filin jirgin Dulles da ke bayan birnin Washington da safe.

Jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan sauka da dalilin zuwana da ranar komawata, sannan ya tambayi ko ina ɗauke da abinci. Na faɗa masa gaskiya cewa akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, aka tura ni wani layi na daban inda aka buɗe jakar aka duba ƙullin ɗaya bayan ɗaya aka mayar mini. Kilishi kam tun a gida ƙanena ya gargaɗe ni kada in kuskura in ɗauko, domin nama ba ya shiga ƙasar ta hannun matafiyi. Daga filin jirgin na hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa babbar tashar Union, kuɗinsa bai kai dala 7 ba, sannan na kama jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak mai zuwa Norfolk a kan dala 40 da 'yan kai. Tafiyar ta haura awa huɗu, ta Alexandria da Fredericksburg da Richmond da Petersburg. Bayan Petersburg ƙasar ta baje, gonakin auduga da na gyaɗa suka bayyana, kuma da na ga ana aikin girbin gyaɗa da manyan injuna a kusa da Suffolk sai dalar gyaɗar Kano da iyayenmu suke ba mu labari ta faɗo mini a rai.

Tun a cikin jirgin na fara lura da abin da zai cinye mini hankali a wannan tafiya, wato shirye-shiryen bikin Halowin da ake yi a daren 31 ga Oktoba. Kusan kowane gida da muka wuce akwai kabewa jajaye jere a bakin ƙofa, an fafake wasu an yanka musu ido da baki, ga ƙwarangwal na roba a tsaye a kan ciyawa, ga farin zare an baza a kan shuke-shuke a matsayin saƙar gizo-gizo. A tsakanin waɗannan kuma ga allunan 'yan takara, domin zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Donald Trump da Kamala Harris saura 'yan kwanaki, ranar 5 ga Nuwamba. Ƙanena ya tarye ni a tashar Norfolk, muka tsallaka kogin Elizabeth zuwa Chesapeake inda gidansa yake. Birni ne mai mutane kusan dubu 250, wanda aka kafa a 1963 bayan haɗe garin South Norfolk da gundumar Norfolk, kuma yana da faɗi ƙwarai, har ya haɗa da wani yanki na babbar fadamar nan da ake kira Great Dismal Swamp. Gidajen na katako ne, babu katanga babu zaure, daga titi sai ciyawa sai baranda sai ƙofar falo. Matar ƙanena ta tarbe ni da tuwon shinkafa, miyar kuwa da kukar da na kawo aka kaɗa ta a daren.

A kan ƙofar firij na ga wata takarda da aka manna, wadda ƙanena ya buga daga shafin intanet na hukumar birnin. Da na tambaya sai ya ce, "Yaya, dokar yawon alawa ce, gara ka karanta kafin ranar Alhamis, don za ka ga abin da ba ka saba gani ba." Abin da ke ciki shi ne, a daren 31 ga Oktoba yara suna shiga kayan ban tsoro ko na ban dariya su bi gida-gida ana zuba musu alawa a jaka, kuma hukumar birni ta yanka wa wannan yawo lokaci daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na dare, ta kuma kayyade shi ga 'yan shekara 14 zuwa ƙasa. Wanda ya haura waɗannan shekaru, ko ya wuce ƙarfe 8 yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya aikata ƙaramin laifi da tararsa za ta iya kaiwa dala 250.

Wannan takarda ta ɗaure mini kai, domin ban taɓa tunanin majalisar birni za ta zauna ta yi doka a kan wasan yara ba. Washegari na roƙi ƙanena ya ajiye ni a unguwar Great Bridge, inda ofisoshin hukumar birnin da babban ɗakin karatu suke a kan titin Cedar, na zauna na karanta tarihin dokar. An kafa ta ne a 1970, kuma a siffarta ta farko ta fi ta yanzu tsauri nesa ba kusa ba: duk wanda ya haura shekara 12 ya fita yawon alawa, ana iya cin sa tarar dala 25 zuwa 100, ko a ɗaure shi har wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Wanda ya wuce ƙarfe 8 kuma yana iya shan ɗaurin kwana 30. Dokar ta yi kusan shekara hamsin tana kwance a littafi ba wanda ya damu da ita, sai a watan Oktoba na 2018 wasu suka tono ta suka yaɗa a Facebook da Twitter, gidajen talabijin na ƙasa suka ɗauka, masu barkwanci na shirye-shiryen dare suka yi ta yi wa birnin ba'a cewa yana ɗaure yara saboda alawa. Hukumar birnin ta fito ta ce ba a taɓa ɗaure wani yaro a ƙarƙashin dokar ba, ta kuma bayyana cewa 'yan sandanta ba sa fita farautar masu karya ƙa'idar shekaru ko ta lokaci. Ɗan shekara 13 da ya rako ƙanensa cikin natsuwa ba abin da zai same shi, amma wanda yake kwasar kabewar mutane yana fasawa a titi shi ne zai gamu da hukuma. Duk da haka kunyar ta yi yawa, a watan Maris na 2019 majalisar birnin ta gyara dokar, ta cire ɗauri gaba ɗaya, ta ɗaga shekarun zuwa 14.

Ba Chesapeake kaɗai ke da irin wannan doka ba. Maƙwabtanta na yankin Hampton Roads, irin su Norfolk da Virginia Beach da Portsmouth, sun tsaya a kan shekara 12 da ƙarfe 8, ta yadda yaro ɗan shekara 13 yana da halalcin yawo a wannan titi, amma idan ya tsallaka iyaka zuwa birnin da ke maƙwabtaka ya zama mai laifi. A Belleville ta jihar Illinois an yi doka a 2008 da ta hana 'yan babbar sakandare fita, bayan tsofaffi masu zama su kaɗai sun yi ƙorafin cewa samari ƙarti suna buga musu ƙofa da dare. A Bathurst ta ƙasar Kanada iyakar shekara 16 ce, lokacin gama yawo ƙarfe 8, tarar kuma dala 200 ta ƙasar. Jihar Virginia ita kanta tana da tsohuwar doka tun shekarun 1950 da ta haramta wa wanda ya haura shekara 16 rufe fuska don ɓoye kamanninsa a bainar jama'a, wadda aka yi domin daƙile ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin baƙaƙe, sai dai an keɓe kayan bukukuwan gargajiya daga cikinta.

Labarin da ya fi burge ni a cikin abin da na karanta shi ne na Des Moines, babban birnin jihar Iowa. A daren Halowin na 1938 'yan sandan garin sun amsa kira sama da 500 na ɓarnar samari, daga fasa tagogi zuwa cinna wuta. Maimakon a hana bikin, wata jami'ar kula da wasannin yara ta birnin mai suna Kathryn Krieg ta kawo shawarar a mayar da yawon daren 30 ga wata, a yanka masa lokaci, kuma kada a ba yaro alawa sai ya yi waƙa ko ya ba da labarin ban dariya ko ya nuna wata bajinta. Ɓarnar ta ragu sosai a 'yan shekarun da suka biyo baya, al'adar kuma ta zauna har jikoki. A makon da nake can ne ma, saboda hasashen guguwa da ruwan sama, aka ɗage yawon na Des Moines zuwa 31 ga wata, karo na farko tun 1938, labarin ya cika kafafen yaɗa labarai.

Ranar Alhamis da hantsi na raka matar ƙanena kanti, ta sayi manyan jakunkunan alawa guda biyu, kowace ta haura dala 20. Na yi mamakin tsadar, ta ce ai kafin ƙarfe 8 za su ƙare. Ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa sun kashe dala biliyan 12.2 a kan wannan biki, biliyan 3.6 daga ciki a kan alawa kaɗai. A gidan ƙanena an daɗe da yanke shawara a kan matsayinsu: 'ya'yansa ba sa shiga kayan fatalwa ba sa fita yawon, saboda asalin bikin yana komawa ga tsohon bikin Samhain na mutanen Ailan da Sikotland da kuma jajibirin ranar waliyyai ta Kiristoci, amma suna kunna fitilar baranda su raba wa yaran maƙwabta alawa don kiyaye haƙƙin maƙwabtaka. A masallacin da muka yi Juma'a a Norfolk washegari na ji cewa Musulmin yankin sun rabu a kan wannan, wasu suna kashe fitila su yi zamansu, wasu suna barin yaransu su fita da kayan likita ko na ɗan kwana-kwana.

Fitilar barandar nan ita ce abin da ya fi kama hankalina a daren, kuma ba ta cikin dokar majalisa ko kaɗan. Gidan da ya kunna ta ya yarda a buga masa ƙofa, gidan da ya kashe ta kuwa ba mai taka masa ciyawa. Rana ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6, muka yi magariba, na ɗauki kujera na zauna a baranda. Yanayin ma bai yi sanyin da na yi tsammani ba. Yaran farko da suka zo ƙanana ne ainun, wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba sanye da kayan ƙudan zuma, fukafukanta sun karkace, tana riƙe da bokitin roba mai siffar kabewa da hannu biyu. Ta tsaya a gaban matakala ta kasa magana, mahaifinta yana tsaye a bakin titi da tocila yana ƙarfafa mata gwiwa, har 'yar ƙanena ta sauka ta zuba mata alawa biyu, ta juya da gudu ta manta da godiya, uban ya dawo da ita ta faɗa. Daga nan sai ayari bayan ayari, kuma ban ga ayari ɗaya na ƙananan yara da babu babba a bayansa ba. Gidan da ke kallon namu fitilarsa a kashe take, na zuba ido musamman, yara suna zuwa daidai ƙofarsa su wuce ba tare da an ce musu komai ba.

Motar 'yan sanda ta ratsa titin a hankali fitilunta suna walƙiya ba jiniya, jami'in da ke ciki yana ɗaga wa yara hannu, ban ga ya tambayi kowa shekarunsa ba. Abin da suke tsaro shi ne mota, kuma suna da hujja, domin wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics, wanda ya duba alƙaluman haɗura daga 1975 zuwa 2016, ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a daren Halowin, ga 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa yana ninkawa kusan sau goma. Tsoron guba a cikin alawa da iyaye suke yi ya fi yawa a baki, domin shari'ar da aka fi sani, ta jihar Texas a 1974, uban yaron ne da kansa ya sa wa ɗansa guba don kuɗin inshora.

Wajen ƙarfe 7 da rabi wasu samari uku suka zo, waɗanda ko makaho ya shafa ya san sun wuce shekara 14, ɗaya ma gashin baki ya fara fito masa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar fata da ta yi ritaya daga koyarwa, ta cika musu jaka ba tare da ta tambaye su komai ba. Da suka tafi na tambaye ta game da dokar, ta nuna mini cewa ita ba ta goyon bayan iyakar shekarun, domin saurayin da ya zaɓi ya zo neman alawa a wannan dare ya fi mata wanda ya tafi wani wurin da ba ta sani ba. Ta ƙara da cewa akwai yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da jikinsu ya girma hankalinsu bai kai ba, akwai kuma yaran da tsawonsu ke sa a ɗauka manya ne, kuma a ganinta idan doka ta bar wa jami'i zaɓin wanda zai tsayar, 'ya'yan baƙaƙe ne za su fi shan tambaya. Na yarda da ita a kan wannan. Dokar da hukuma da bakinta take cewa ba ta aiwatarwa, amma ta bar ta a littafi da tara a jikinta, makami ce da ke jiran ranar da wani zai ga dama ya ɗauka. Ƙa'idar lokaci kuwa na ga amfaninta da idona, domin ƙarfe 8 na cika fitilun baranda suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kafin takwas da kwata titin ya koma shiru, tsofaffi da ma'aikatan da za su yi sammako suka samu barcinsu.

Duk tsawon daren tashe nake tunawa. Mu ma idan azumi ya kai kwana goma yara suna fita bayan shan ruwa, wani ya manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho, 'yan mata su ɗauki ƙwarya da ludayi, a bi gida-gida ana wasa ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi, manya kuma su yi tashen gwauro ƙarƙashin Nalako. Tashenmu ma ya fi nasu ma'ana, domin kowane wasa yana ɗauke da hannunka-mai-sanda ga malamin da ya saki hanya ko mijin da ba ya riƙe gida ko mai rowa, kuma yaro sai ya yi wasan kafin a ba shi, abin da mutanen Des Moines sai da jami'ar hukuma ta ƙirƙiro musu. Amma a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan jihar Kano ta sha fitar da sanarwar hana tashe baki ɗaya, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shi. Ba na raina wannan dalili, domin na san gidajen da aka yi wa rauni a irin wannan dare, kuma tsaron rai yana gaba da wasa. Abin da ke damuna shi ne hanin yana faɗawa ne a kan 'yar shekara takwas mai ƙwarya, alhali ɗan daba da ma ba izini yake nema ba. Su ma Amurkawa sun ga ɓarnar da ta fi tamu: a birnin Detroit, a kwanaki uku na Halowin ɗin 1984, an tayar da gobara sama da 800, kuma wani babban abin da ya taimaka wajen kashe wutar daga baya shi ne dubban mazauna unguwanni da hukumar birnin ta shirya daga 1995 suna sintiri a titunansu, ba a hana yara yawon alawa ba.

Sauran kwanakina na yi su ne a ziyarar bakin teku a Virginia Beach, inda na ci soyayyen kifi da dankali a kan dala 18, da kuma hango manyan jiragen ruwan yaƙi a sansanin sojan ruwa na Norfolk, wanda ya fi kowane girma a duniya. Na ga layin masu zaɓe ranar Talata a wata makarantar firamare da ke kusa da gidan. Ƙanena ya mayar da ni Dulles da mota ta ramin da ke ƙarƙashin ruwa na Hampton Roads, muka sha cunkoso a kan babbar hanya kafin Washington, daga nan na biyo hanyar da na zo har Kano.

Da azumin da ya biyo baya ya kama, sanarwar hana tashe ta sake fita, muka bi umarnin hukuma muka tsare yaranmu a gida. Amma na zauna da wasu dattawan layinmu muka rubuta takarda muka kai wa mai unguwa, muna roƙon a nema mana izinin gwaji a shekara mai zuwa: tashe daga bayan sallar tarawihi zuwa ƙarfe 10, kowane ayari da babba ɗaya sananne a unguwa yana biye da shi, kada ayari ya tsallaka zuwa wata unguwa, 'yan sintiri su tsaya a bakin kowane lungu, gidan da ba ya so kuma ya rufe ƙofar zaurensa a wuce shi. Ba mu sa iyakar shekaru ba. Mai unguwa ya karanta takardar har ƙarshe, ya tambayi wanda zai ɗauki nauyin 'yan sintirin, muka ce masu shagunan layin sun amince su haɗa kuɗin, sai ya ce zai kai wa hakimi bayan sallah.